Fuskar Lamba Tara

A bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, kusa da tankin ruwa, akwai wani dogon ɗaki mai taga uku da kowa a makarantar ke kira ɗakin wanki, ko da yake shekara goma sha ɗaya ke nan injuna ne ke yin wankin a wani gini dabam. Abin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba: faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, kwamin siminti biyu da suka bushe, dutsen guga na gawayi guda uku a jere kan kanta, sai kuma Baba Guga.

Shekararsa saba'in da tara. Yana da sha tara ya zo, a makon da cocin Katolika ya buɗe makarantar, lokacin da Fada na farko, wato limamin cocin, wani dogon mutum mai jan gemu, ya tara yara maza talatin da shida a aji biyu da ɗakin kwana ɗaya mai rufin kwano. An daɗe da yi masa ritaya. An dai bar masa ɗakin, da gugar ƙyallayen bagadi da rigunan Fadan da ke shugabancin makarantar yanzu, domin ya kafe a kan cewa inji bai san inda ninki yake ba.

Fada na farko ne ya kafa dokar lamba. Duk yaron da ya shigo ana ba shi lambarsa a ranar, a ɗinka ta da jan zare a cikin wuyan riga, da ƙugun wando, da kusurwar zanen gado. Baba Guga bai taɓa zama a aji ba, amma lambobi sun zauna masa daram. Yau an haura dubu bakwai. Bai san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba, bai kuma taɓa jin yana buƙatar sani ba.

Tsofaffin ɗalibai kan leƙo shi idan sun kawo 'ya'yansu. Mutum da tumbinsa da furfurarsa zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ka gane ni kuwa?"

"Juya min ƙeya," in ji Baba Guga. Sai ya ƙare wa ƙeyar kallo. "Ɗari huɗu da sha biyu. Kai ne mai tauna kwalar riga. Ka daina, ko matarka ce ke fama yanzu?"

Duk abin da makarantar ta koyar a shekara sittin ya biyo ta kwaminsa. A shekarun farko jar ƙasa ce a gwiwar wando, don kowane yaro yana da kunyarsa a gonar makaranta. Da aka buɗe shagon kafinta, sai garin katako a aljihu da gam da ba ya fita sai da ruwan zafi. Masu busa ƙaho da kiɗan badujala suna zuwa da koren tabo a bakin hannun riga, na man goge tagulla. Shekarar da aka gina ɗakin kimiyya ya yi ta samun ƙananan huji a gaban riguna, har ya kai ƙarar ɓeraye wajen Fada, aka ce masa ai ruwan gwaji ne ke cin yadin. 'Yan ƙwallo ciyawa, 'yan muhawara zufa a hammata, masu taya Fada hidima a coci ɗigon kyandir. Da aka kawo kwamfuta, ya ce rigunan sun daina ba da labari. Yaro zai sa riga kwana uku ta dawo kamar ba a shiga cikinta ba.

A farkon wannan shekarar aka kafa kwamitin bikin cika shekara sittin, aka ɗora wa malamin tarihi aikin rubuta littafin makarantar. Mutum ne mai himma, ɗan shekara talatin da 'yan kai. A cikin wata akwatin ƙarfe a ofis ya samo abu biyu: rajistar shekarar farko mai ɗauke da lamba da suna, da hoton yaran nan talatin da shida tare da Fada mai jan gemu, layi uku, babu rubutun komai a bayansa. Kwamiti ya yanke shawarar a ƙara girman hoton a kafa shi a bangon babban zaure, a zana sunayen layi-layi a farantin tagulla a ƙarƙashinsa.

Cikin talatin da shidan, huɗu aka san suna raye. Biyu sun yi nisa da ƙasar, ɗaya yana kwance ba ya magana. Na huɗun, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ne ya gina wa makarantar sabon ɗakin karatu, shi ne kuma babban baƙon bikin. Da malamin ya kira shi a waya, dariya ya yi. "Ni da ba na tuna abin da na ci jiya? Ku je wajen Baba Guga. Shi ya san mu."

Ranar da malamin ya fara zuwa ɗakin wanki, ya zo da hoton da gilashin ƙara girma da wata wasiƙa. Wasiƙar ya fara karanta wa tsohon. Wata mata ce ta rubuto daga nesa, ta ji labarin bikin. Mahaifinta yana cikin 'yan shekarar farko, rajista ta nuna shi ne lamba tara. Ya rasu tana da shekara uku, kuma ruwa ya ci gidansu bayan haka da duk abin da ke ciki. Ba ta da hotonsa ko ɗaya, ba ta san kamanninsa ba. Ta ce za ta zo ranar bikin, in Allah ya yarda, don kawai ta ga fuskarsa.

"Tara," in ji Baba Guga. "Wannan yaron kafin ya kawo wanki sai ya ninke kayan. Masu datti fa. Allah ya jiƙansa."

"Ka gani ko, Baba? Shi ya sa na zo wajenka."

A nan kwamitin ya yi kuskure, kuma babu wanda ya lura. Sun ɗauka tsohon ya san fuskoki. Shi kuwa riguna ya sani. Yaran suna tara kaya a kwando ranar Litinin, su karɓa ranar Alhamis ta taga. Abin da ya fi gani a jikinsu shi ne ƙeya da kafaɗa suna tafiya. Ga kuma yanar ido da ta fara rufe masa na hagu. Abin da ya fi muni, a hoton kowace riga fara ce tas, a goge, babu tabo babu yamutsa. Shi da kansa ya goge su. Aikinsa ne ya shafe masa shaida.

Duk da haka ya yi ƙoƙari. Safiya uku suka yi a kan teburin guga, malamin yana riƙe da gilashi, shi yana bin kafaɗu da yatsa. Wannan mai kafaɗa ɗaya a karkace sha huɗu ne. Wannan da wuyan riga ya shaƙe shi talatin da ɗaya ne. Wannan mai maɓalli baƙi a tsakiyar farare lamba biyu ne, shi ya ɗinka masa. Ya fitar da yara ashirin da biyar, kuma waɗannan ko a gaban alƙali zai maimaita su. Saura sha ɗaya suka tsaya masa. Ya duba, ya goge ido, ya sake dubawa. Farar riga, farar riga, farar riga.

A safiya ta uku Fada shugaban makarantar da kansa ya shigo, ya tsaya a bayansu yana murmushi. Ya ce mai zanen tagulla yana jiran takardar a ranar. Ya dafa kafaɗar tsohon.

"Baba, kai ne littafinmu. In ba kai ba, ba mu da kowa."

Fada bakwai Baba Guga ya yi wa aiki, kuma bai taɓa ce wa ɗayansu "ban sani ba". Idan aka ce riga hamsin kafin ƙararrawar safe, riga hamsin ake samu. Sai ya ɗora yatsa a kan hoton ya fara kiran lambobin da suka rage, malamin yana rubutawa. A layin gaba akwai wani yaro zaune a daman Fada mai jan gemu, riƙe da allon da aka rubuta shekarar, fuskarsa ta fito sarai. Baba Guga ya ce ashirin da uku ne, wato Injiniya. A ransa ya ga babban mutum a gaba ya dace. A layin baya, can ƙarshe, akwai wani da kan na gabansa ya rufe masa rabin fuska. Lamba ɗaya ta rage. Ya ce tara.

"Ka tabbata, Baba?" in ji malamin.

"Na tabbata."

Bayan mako biyu, wata Juma'a da hantsi, yana gugar ƙyallen bagadi, sai ɗan garwashi ya faɗo daga dutsen ya sauka a kan bargon tebur. Ya yi maza ya kaɗe shi. Warin ƙunar ya daki hancinsa, sai ya tsaya cak da dutsen a hannu.

Riga ɗaya ya taɓa ƙonawa a rayuwarsa, a safiyar da za a ɗauki hoton nan. Yana sauri, mai hoto ya iso, dutsen ya yi zafi fiye da kima, ya bar shatinsa baƙi ƙirin a kan aljihun wata riga. Ya juya wuyanta ya ga jan zare: ashirin da uku. Babu wata rigar canji. Fada mai jan gemu bai yi masa faɗa ba, kallonsa kawai ya yi, sannan ya kama yaron ya kai shi layin baya, ya tsayar da shi bayan wani dogo don ƙunar ta ɓuya. Shi kuwa tara shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Hannun rigarsa ya fi shi tsawo, Baba Guga ne ya naɗe masa ya ɗinke. Saboda ƙanƙantarsa aka zaunar da shi a gaba aka ba shi allon.

Ya ajiye dutsen, ya fita bai ko rufe ƙofa ba. Ya sami malamin tarihi a ɗakin malamai yana duba takardun jarrabawa, ya faɗa masa komai a tsaye.

Malamin ya cire tabarau ya murza ido. "Baba, an gama farantin tun shekaranjiya. Littafin ma yana wajen masu ɗab'i, kwafi dubu biyu."

"To a sake."

"Ka tabbata da wannan ɗin?"

"Na tabbata."

"Wancan karon ma haka ka ce min, Baba."

Tsohon ya dubi tafin hannunsa. Bai da takarda, bai da shaida. Rigar ta zama tsumma tun kafin a haifi malamin. Bakin da ya yi kuskuren shi ne kaɗai zai iya gyara shi, kuma ya riga ya zubar da darajarsa. Malamin ya ɗauko hoton ya sa gilashi a kan yaron layin baya. Inda aljihu yake, kan wani ne a wurin. Fada mai jan gemu ya iya ɓoye abu.

Sau uku Baba Guga ya je ofishin Fada. Na farko an ce ya tafi wajen Bishop. Na biyu yana ganawa da masu rumfa da kujeru. Na uku ya samu shiga, Fada ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka kawo masa shayi.

"Baba, mun gajiyar da kai da wannan aikin, laifinmu ne," in ji shi a hankali. "Shekara sittin ba kwana sittin ba ce. Yau ka tuna haka, gobe wani abin zai zo maka. Ka je ka huta. Ranar biki a layin gaba za ka zauna."

Autarsa, wadda ke kawo masa abincin rana, ta same shi zaune a bakin kwami bai taɓa gugar ba. Da ta ji zancen sai ta ajiye kwanon da ƙarfi.

"Baba, don Allah ka bar maganar nan. Tun jiya masu gadi ke cewa tsoho ya fara ruɗewa. So kake su ce min in zo in kwashe ka?"

"Yarinyar fa? Daga nesa za ta zo."

"Wace yarinya? Matar nan ta girme ni. Za ta ga yaro a hoto, ta yi kukanta, ta koma gida. Wa ya cutu?"

"Ba ubanta ba ne."

"To kai ka kashe shi? Ci abincinka."

Bai ci ba. Ya ce ta rubuta masa wasiƙa zuwa ga matar. Ta ce ba ta da adireshi, kuma ba za ta je ta roƙa a ofis a ƙara yi musu dariya ba.

Ranar bikin ya sa rigarsa fara da ya goge da kansa. An yi addu'a a coci, 'yan badujala suka zaga fili, ɗalibai suka nuna abin da suka ƙera a ɗakin kimiyya, aka karanta tarihin makarantar tun daga aji biyu har zuwa aji talatin da ɗalibai ɗari tara. An ambaci sunansa, aka tafa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Bishop ya ja igiya, ƙyallen da ya rufe hoton ya zame. An ƙara masa girma har kowane yaro ya kai tsawon hannu.

Injiniya ya matso da sandarsa da jikoki huɗu. Ya bi farantin da yatsa, ya sami sunansa, ya ƙirga layin gaba, sai ya yi ihu.

"Ga ni nan! Ku zo ku ga kakanku! Ni aka ba allo, kun gani? Tun ina yaro an san ni ne mai kai."

Baba Guga ya ratsa mutane ya kama hannun rigarsa. "Ashirin da uku."

"Baba Guga! Kana nan da ranka, tsohon ƙarfe?"

"Ka tuna rigarka da na ƙona, ranar hoton nan? A baya aka tsayar da kai."

Injiniya ya kwashe da dariya har yana tari. Ya ɗaga hannun tsohon sama ya juya ga jama'a. "Ku ji Baba da tawali'u! Wai ya ƙona min riga! Mutumin nan shekara sittin bai taɓa ƙona ko hankici ba. Ku tafa masa!"

Aka tafa.

Matar tana gefe, ita kaɗai, da jaka a kafaɗa. Za ta yi shekara arba'in da biyar. Ta jira mutane suka ragu, sannan ta matsa ta karanta farantin a hankali. Ta ɗaga kai zuwa layin baya, can ƙarshe: goshi, ido ɗaya, kunne ɗaya. Ta daɗe a tsaye. Ta ciro waya ta matso da ita kusa, ta ɗauki wannan kusurwar sau uku ko huɗu. Malamin tarihi ya je ya yi mata magana, ya nuno mata tsohon. Ta zo ta durƙusa a gabansa, idonta ya yi ja.

"Baba, an ce kai ka gano min shi. Allah ya saka maka da alheri. Kunnen ɗana ne sak, wallahi. Da na gani sai da gabana ya faɗi."

"'Yata, tashi," in ji shi. "Ki saurare ni. Babanki ƙarami ne. Ba a baya yake ba. Ga shi can a gaba, mai allo."

Ta waiwaya. A daidai wurin Injiniya yana tsaye, yatsansa a kan fuskar yaron mai allo, jikokinsa sun kewaye shi ana ɗaukarsu hoto. Ta dubi malamin. Malamin ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya, amma kunnen Baba Guga bai mutu ba.

"Kwana biyun nan haka yake ta yi, ki yi haƙuri. Lokacin da muka yi aikin kansa garau yake. Ga mai fuskar ma can da kansa."

Ta gyaɗa kai. Ta juyo ta kama hannun tsohon da hannu biyu, irin kamun da ake yi wa mara lafiya.

"Ba komai, Baba. Na gode. Ka tuna wani abu nasa? Ko ƙanƙani ne."

Ya dube ta. Da idon da ya rage masa ya ga yadda kafaɗunta suke, 'yan ƙanana, hannun rigarta ya sauko har ya rufe mata wuyan hannu. Ya so ya ce mata ta dubi wannan, amma ya san yadda za a ji shi. Sai ya ba ta abin da yake da shi. Ya ce mahaifinta yana ninke kayan wanki kafin ya kawo. Ya ce da hagu yake rubutu, don tawada kullum a hannun hagu take. Ya ce mai son gona ne, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da iri, har wata rana wake ya tsiro a bakin magudanar kwami. Ta yi dariya tana share hawaye, ta ce ita ma bahaguwa ce.

Direban motar da ta kawo ta ya leƙo ya nuna agogo. Ta miƙe, ta gyara jaka.

"'Yata," in ji Baba Guga. "Abu ɗaya za ki yi min."

"Faɗi, Baba."

"Ki ɗauki hoton duka. Kada ki tsaya a kusurwa. Ki ja baya ki ɗauke su gaba ɗaya, su talatin da shidan."

Ta dubi malamin, ta dubi agogo. Don ta faranta wa tsoho rai, ta ja baya taku biyar, ta jira Injiniya ya janye hannunsa, ta ɗauka sau ɗaya. Ba ta duba ko ya fito ba. Ta jefa wayar a jaka, ta yi masa sallama, ta bi direban.

Ya bi ta da ido har ƙofar zauren, ƙeya da kafaɗa, yadda ya saba ganin mutane. Daga nan aka kira shi ya zo ya zauna a layin gaba, za a fara jawabi.